Furfura a Filin Kokowa



Duk wanda ya taɓa yin sammako a hanyar Safo zuwa Maraɗi ya san mutumin da zan fara da shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne, gemu ya yi fari fat. Ya naɗe ƙafar wando ɗaya don kada sarƙar keke ta ci, ya ɗaure buhun albasa ko kwandon tumatir a baya da tsohuwar robar taya. Inda yashi ya yi yawa sai ya sauka ya tura, inda ƙasa ta yi tauri ya sake hawa. Kafin rana ta take yana kasuwa, kafin la'asar ya koma gida, gobe ma haka. Babu mai ganin aibin wannan. To amma a ce wa dattijon nan ya tuɓe babbar riga ya shiga fili ya yi tsere da tsaransa, ko ya kama kokowa da wanda aka yi musu kaciya tare, sai gari ya ɗauka: Malam wane ya zubar da girma, ko dai ruɗewa ta fara?

Ni kaina na ɗanɗana. Da likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa motsa jiki, na sayi takalmin gudu na fita bayan sallar asuba. Ban yi nisa ba wani yaro mai kora awaki ya tsaya cak, ya dubi bayana, ya dube ni, ya ce, "Baba, lafiya? Wa ya biyo ka?" Daga ranar na koma tafiya da sauri, carbi a hannu, don a ɗauka wani wuri za ni.

Mu mutanen jihar Maraɗi ba baƙin wasan ƙarfi ba ne. Da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kunce, ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, wato Yakuba Ango da duniya ta sani da Kantu, wanda filin kokowar birnin Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Har gobe idan lokacin takobi ya zo, jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokowa 10, kasuwa takan yi sanyi, kowa kunnensa na jikin rediyo. Ƙa'idar kuma babu sassauci: kaye ɗaya, ka fita daga neman takobi, ko da za ka ci gaba da karawa don jiharka. Wannan ƙa'ida ce ke sa wasan daɗi. Sai dai ina ganin mun fito da ita daga fili mun shimfiɗa ta a kan rayuwar ɗan kokowa gaba ɗaya. Ranar da yaro ya kayar da kai a gaban jama'a, ranar aka rufe littafinka. Ko Kadiri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauki takobi sau 6, da Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe takobin daga hannunsa a karon ƙarshe a Doso a watan Disamba na 2024, hirar majalisu ba ta tsaya a kan gwanintar Abba ba, nan da nan ta koma kan cewa lokacin Isaka ya wuce.

Shi Isaka Allah ya rufa masa asiri, sunansa ba zai ɓace ba. Ina tunanin na ƙasa da shi ne, wanda ya yi tashe a Safo, da Jiratawa, da Gabi, da Sarkin Yamma, da Ɗan Isa, wanda aka riƙa yi wa kiɗa a kaka bayan an kai hatsi rumbu, 'yan mata na yi masa guɗa, bai kuwa taɓa zuwa filin ƙasa ba. Ya kai shekara 35 ko 40, gwiwa ta fara magana, ya kwance layu da guraye ya rataye a ɗaki. Idan ya yi sa'a ya zama mai horar da yara ko alƙalin fili. Idan bai yi ba, sai ka gan shi a bakin fili yana bin manya da gaisuwa, ana miƙa masa na goro. Jikin da ya saba da gumi kuma aka zaunar da shi rana ɗaya, sai teɓa, sai ciwon baya, sai hawan jini.

A shekarar nan ta 1975 da Kantu ya ɗaga takobi a Tawa, a birnin Toronto na ƙasar Kanada an yi wani taro na daban: gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta farko ta waɗanda suka manyanta. Har yanzu ana yin ta. Daga shekara 35 ake shiga, a raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar, mai 60 ya kara da mai 63, mai 80 ya kara da mai 84. Kayan wasan ma ana rage musu nauyi yadda ƙarfi ke raguwa. Dunƙulen ƙarfen da samari ke jifa kilo 7 ne da 'yan kai. Idan namiji ya kai 50 sai a ba shi mai kilo 6, a 60 mai kilo 5, a 70 mai kilo 4, a 80 mai kilo 3. Babu wanda ya ce tsoho ya yi kamar yaro. Fili kawai aka share masa daidai ƙarfinsa.

Akwai mutum biyu da nake so ku riƙe sunansu, don abin da suka haɗa ya fi ba ni sha'awa. Na farko Al Oerter, ɗan Amurka mai jifan faifai, faifan ƙarfe da katako mai nauyin kilo 2. Ya ci zinariya a wasannin Olamfik sau huɗu a jere: Melbon 1956, Rum 1960, Tokiyo 1964, Meziko 1968. Ya ajiye wasa, ya yi shekaru yana aikin kwamfuta, sannan ya dawo. A 1980, yana da shekara 43, ya yi jifan mita 69 da santimita 46, wanda ya fi duk jifan da ya ci zinariya da su yana saurayi. Da tsufa ya zo sosai sai ya koma zanen fenti, har yakan zuba fenti a kan ƙyallen zane ya maka masa faifan nan nasa, abin da ya fantsama ya zama hoton. Ya rasu a 2007.

Na biyun Roald Bradstock, ɗan Ingila mai jifan mashi, wanda ya je Olamfik a 1984 da 1988, kuma zane shi ne karatunsa da abincinsa. Shi da hannunsa yake yi wa rigar wasansa da mashinsa fenti, ya fito fili kamar hawainiya, ana dariya ana tafi. A 2012, yana da shekara 50 cif, ya shiga gasar ƙasarsu tare da yaran da ya haifi tsaransu, ya zo na biyu.

Za a ce ai su Turawa ne, cikinsu a cike. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma abin da ya riƙe mutanen nan biyu muna da irinsa a ƙofar gida. Ba su taɓa jingina rayuwarsu a kan ƙarfin damtse kaɗai ba. Tun ƙarfin na nan suke da aikin hannu da na ido, don haka ranar da aka kayar da su ba ranar yunwa ba ce, kuma wanda ba ya tsoron yunwa ba ya tsoron kaye. Shi ya sa suka iya komawa fili da furfura suna dariya.

Ku tsaya wata rana ku kalli mai rubutun allunan shaguna a Maraɗi, irin na da, wanda inji bai kora ba tukuna. Gwangwanayen madara ne a jere gabansa, kowane da kalarsa, da kwalbar kananzir ta wanke burushi. Zai shafa wa zare alli, ya ɗaure a kan allo, ya ja ya saki, layi ya fito. Sai ya ware ƙafafu ya kafe, ya ɗauke numfashi, ya ja harafi tun daga sama har ƙasa ba tare da hannu ya yi rawa ba. Duk wanda ya san kokowa ya san wannan tsayuwa, ita ce ta ɗan kokowa kafin ya kai hannu. Kan mai aski da askin zamani iri-iri, kifi da kaza a ƙofar mai abinci, zaki da dawisu a bayan babbar mota, duk aikinsa ne. Yanzu samari sun koma tsara zanen a kwamfuta, inji ya buga a kan leda, an fi sauri, ba na musu. Sana'ar dai ɗaya ce, kuma tsohuwa ce a wurinmu: magina masu zana dagi a bangon soro da maɗinka masu fitar da aska takwas a wuyan riga su ne kakanninta. Sana'a ce da mai shekara 70 zai yi a zaune a inuwa muddin ido na gani. Me zai hana yaron da ke zuwa atisayen kokowa da yamma a Safo ya je koyon wannan, ko ɗinki, ko walda, da safe? Masu horarwa da iyayen gidan 'yan kokowa, ku da kuke raba kuɗin kari da su, tambayar taku ce.

Akwai kuma bashin da zane ke bin kokowa, ko kokowa ke bin zane, ban san wanda zan ce ba. Shago ɗan dambe ya rayu a bakin mutane saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Sunan Kantu na nan a kan fili. Amma tara yaran makaranta a Madarunfa ka nuna musu hotonsa, nawa za su gane shi? Gwanayen ƙauyuka kuwa ko hoton babu. Bangon makaranta da na gidan magajin gari na nan fili fetal, ana jiran hoton ɗan takara.

Bari in dawo kan kunya, don ita ce ainihin katangar, kuma ba na raina ta. Mutum mai surukai, mai jikoki, wanda ake kawo wa ƙara ya sasanta, a ce an ɗaga shi an buga da ƙasa a gaban matar ɗansa, wannan ba abin wasa ba ne a ƙasar Hausa. Akwai kuma haɗari na zahiri. Ƙashin tsoho ba na yaro ba ne, karayar ƙugu a shekara 70 takan kwantar da mutum har ƙarshen ransa. Duk wanda zai shiga irin wannan sai likita ya auna jininsa, ya saurari zuciyarsa. Amma ku lura, kunyar tana zuwa ne idan yaro ya kayar da babba. Sa'a ya kayar da sa'a, tun muna yara wannan abin dariya ne da tsokana, ba abin gori ba. A dandalin ƙauye da ƙanana ake farawa, sannan matasa, sannan ƙarti, kowa da tsaransa. Mun san rabon rukuni tun kafin a yi taron Toronto. Abin da muka yi shi ne mun tsayar da layin a kan ƙarti, ba mu ƙara na iyayensu ba. Kuma ba dole sai kokowa ba. Dattijon nan mai buhun albasa, sauke masa buhun, ka jera shi da tsaransa goma daga Safo zuwa bakin tabkin Madarunfa a kan keke, ka ga ko gari ba zai fito kallo ba.

Wata matsalar ita ce shekarun kansu. Akwai wani manomi ɗan Indiya, Fauja Singh, da ya koma Ingila wurin 'ya'yansa, ya fara gudun dogon zango yana da shekara 89. A watan Oktoba na 2011, a Toronto, ya gama gudun kilomita 42 cikin awa 8 da 'yan mintoci, fasfonsa na nuna shekara 100. Masu littafin bajinta na Guinness suka ƙi rubuta shi, saboda ba shi da takardar haihuwa ta 1911. Wa zai ba ɗan ƙauye a Indiya takardar haihuwa a wancan zamani? Ya rayu har watan Yuli na 2025, kuma ba tsufa ne ajalinsa ba, mota ce ta buge shi yana tsallaka titi kusa da ƙauyensu a Punjab. Da na ji labarin takardar nan sai na tuna katin shaidar iyayenmu, inda aka rubuta an haife su wajajen shekara kaza, ma'aikaci ya dubi fuska ya yanka. Idan aka ce sai da takarda, rabin dattawan gundumar Madarunfa ba za su san rukuninsu ba.

Amma a ƙauye ba a buƙatar takarda don a san tsara. An san waɗanda suka shiga makarantar allo tare, waɗanda suka yi gayya a gona ɗaya, wanda aka haifa shekarar fari da wanda aka haifa shekarar da gulbi ya cika ya ci gonakin fadama. Mai gari da tsofaffin mata biyu sun isa su raba rukunin cikin rabin awa, kuma wanda ya yi ƙoƙarin ƙara wa kansa shekara biyar don ya faɗa cikin waɗanda suka fi shi rauni, ungozomar da ta yanke masa cibiya ko 'yarta tana nan zaune.

Saboda haka ga roƙona ga magajin garin Safo da shugabannin kokowa na Madarunfa. Kaka mai zuwa, ranar da za a buɗe fili, kafin ƙarti su shigo a ware rabin awa. A zuba yashi mai laushi, a taƙaita lokacin karo, ma'aikacin asibiti ya zauna kusa da abin awon jini. A ba wani mai zane na yankin aikin allon sanarwa, ya zana fuskokin tsofaffin gwanayen da sunayensu da garuruwansu, a kafa a bakin kasuwa mako guda kafin ranar. Sannan a ce wa makaɗi ya juya ganga ya kira su da kirarinsu na da, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga zai iya ya tuɓe riga, wanda bai iya ba ya zagaya fili sau ɗaya da sandarsa. Idan an buɗe rukunin masu tafiya da sauri da carbi a hannu, a rubuta sunana.