MAI NUNA HANYA BA YA BUKATAR KAYA MAI NAUYI

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in jawo hankalinku ga wani ɗan abu da ke ɓoye cikin manhajojin intanet, gama ba da daɗewa ba yara za su tambaye mu shi a aji.

Tun da Facebook suka fitar da React a 2013, magina da yawa suka bar gina manhaja dunƙule ɗaya, suka koma jera ta kamar tubali: wannan sashe na sunayen ɗalibai, wancan na sakamakon jarrabawa. To, tilas a sami wanda zai dubi adireshin da mutum ya nema, ya fito masa da sashen da ya dace, ba tare da an sake ɗauko kome da kome ba. Shi nake kira mai nuna hanya.

A ganina aikinsa huɗu ne kawai. Ya karanta adireshi. Ya gwada shi da jerin hanyoyin da aka rubuta masa. Ya ajiye kowane taki cikin tarihin burauza, domin in an danna komawa baya a koma inda aka fito. In kuwa babu hanyar, ya faɗa a fili. Na ukun ma burauza tana da kayan aikinsa tuni, watau pushState.

Baƙon da ya tsaya a Ƙofar Ran yana tambayar Kasuwar Wunti, nuni yake so, ba labarin yaƙe-yaƙen Yakubu na ɗaya ba.

Wani zai ce ai React Router, wanda ya fito a 2014, ya fi iya abubuwa. Gaskiya ne, kuma babban kamfani yana da bukatarsa. Amma akwai wouter, wanda nauyinsa wajen kilobayit 2 ne, yana kuwa kai mutum inda za shi. Ku tuna da yarinyar da ke Yelwa da tsohuwar wayar babanta, tana neman sakamakonta. Kowane kilobayit da magini ya ƙara don ƙawa, daga ɗan datarta ake cirewa, in layi ya yi rauni kuwa sai ta haƙura ba ta gani ba.

Saboda haka in mun shiga aji, mu sa yara su rubuta ɗan ƙarami da hannunsu kafin su ɗauko na wasu. Wanda ya san aikin nan huɗu ba zai ɗora wa jama'a kayan banza ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah ya sa mu gane.