Dorinar da ba ta cin ciyawa

A ƙasar Amurka, cikin jihar Kaliforniya, akwai wani gari da ake kira Anaheim. Nan ne Walt Disney, mai yin siliman zane, ya buɗe babban filin wasa a shekara ta 1955. Sunan filin Disneyland. Cikinsa an haƙa gulbi, an dasa itatuwa har suka zama kurmi. Mutane suna shiga jirgin ruwa a kewaya da su. Ana ce ma wannan yawo Jungle Cruise, watau yawon jirgi cikin kurmi. Cikin ƴan mintoci kaɗan, wai an ratsa kogin Nilu da Kwango da Amazon da Mekong.

Da fari Disney namun daji na gaske ya so ya kawo. Masana suka ce masa ba za ta yiwu ba, don yawancinsu barci suke yi da rana, ko su ɓuya. Sai aka ƙera na ƙarfe, aka rufe su da fatar roba. Inji ke motsa su daga ciki. Giwa tana fesa ruwa da hanci, kada yana buɗe baki, dorina tana nutsewa ta fito tana kaɗa kunnuwa. Jirgin kansa bisa dogon ƙarfe yake tafiya a ƙarƙashin ruwa. An sa ma ruwan launi don kada a ga dabarar.

Wannan shawara ta yi kyau. Gara a ƙera giwar roba da a kamo ta gaske a raba ta da garkenta don kallo kawai.

Amma dabbar ƙarfe ba ta da hali nata na kanta. Wanda ya ƙera ta shi ke ba ta labari, kamar yadda mai tatsuniya ke ba gizo wayo ya ba kura wauta. A shekara ta 1962 da ta 1964 wani mai zane, Marc Davis, ya ƙara abubuwan ban dariya a bakin gulbin. Ya yi tafkin da giwaye ke wanka suna wasa kamar yara. Ya yi kuma karkanda wanda ya kori matafiya, suka haye wani dogon itace, kuraye suna gefe suna dariya.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Bature yana can ƙololuwar itacen. Baƙaƙen fata masu ɗaukar masa kaya suna ƙasa, kusa da ƙahon karkanda, idanu a waje. Gaba kaɗan ga wasu mutanen roba da masu a hannu suna rawar yaƙi. Can ƙarshe ga wani yana tallar kawunan mutane. Yaro ɗan Amurka wanda bai taɓa zuwa Afirka ba, me zai ɗauka? Zai zaci babu kowa a nahiyar sai namun daji da mutanen da suka yi kama da su. Ba a nuna masa gona ko kasuwa ko lakwal ba.

Wasu suna cewa ai wasa ne. To, amma abin da yaro ya gani yana dariya ya fi daɗewa a kansa bisa abin da aka rubuta masa a allo. Dubi dorina ma. A Disneyland mai tuƙin jirgi yakan yi barkwanci da ita, kowa ya kwashe da dariya. Masunta na Ayoru, a bakin kogin Isa, ba su yi mata dariya. Sun san da dare take fitowa kiwo, ta ɓata gonar shinkafa, in ta husata kuma ta kife jirgi. A shekara ta 2014 wata dorina ta kife jirgi kusa da Yamai, ƴan lakwal da yawa suka rasu. Idan labarin dabba ya karkace haka, ina ga labarin mutane?

Mutane sun daɗe suna kuka da wannan abu. Sai a shekara ta 2021 masu filin suka gyara, bayan shekara 66 da buɗe shi. Gyaran ya yi daidai, amma an yi nawa ƙwarai. An ɗauke masu rawar yaƙi da mai tallar kawuna. Karkanda yana nan inda yake, kuraye ma suna nan. Waɗanda ke bisa itacen yanzu masu yawon bincike ne daga ƙasashe dabam-dabam, maza da mata, kowa da sunansa da sana'arsa. Jirginsu ya lalace, birai sun shige ciki sun ƙwace musu kaya.