Idan Yarinyar Ba Ta Dawo Ba Fa?



Kowace safiya wayoyinmu kan cika da gajerun saƙonnin ƙarfafa zuciya na Kirista: aya ɗaya a sama, layi biyar na bayani, sai addu'a, daga ƙasa a ce wanda ya gaskata ya rubuta amin. Kusan dukkansu bakinsu ɗaya. Ka dogara ga Allah, kafin ƙarshen wata za ka ga canji, aiki zai samu, ciwo zai tafi, maƙiya za su sha kunya. A ganinmu irin wannan rubutu yana cutar da mutanen da aka ce dominsu ake yin sa, kuma marubucin Hausa da ke son taɓa batun bangaskiya yana da abin da ya fi wannan nauyi a kusa da shi, in zai ɗaga kai ya duba gabas.

Mu fara da Chibok. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta garin. 57 sun kuɓuta da kansu tun a farkon lamarin, wasu ta hanyar dirowa daga mota tana tafiya. A watan Oktoba 2016 aka sako 21, a Mayu 2017 aka sako 82, bayan tattaunawar da gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross suka shiga tsakani. Wasu sun riƙa fitowa ɗaya-ɗaya daga baya, da goyo a baya. Gommai kuwa shiru har yau. Yawancin yaran nan 'ya'yan ikilisiya ɗaya ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN. Ke nan ran Lahadi ana iya samun uwar da 'yarta ta dawo da uwar da 'yarta ba ta dawo ba a benci ɗaya, cikin ankon Zumuntar Mata iri ɗaya. Dukansu biyu sun yi azumi, dukansu sun kwana a durƙushe. In ka rubuta cewa bangaskiyar ta farkon ce ta buɗe ƙofar daji, me ka faɗa wa ta biyun? Ka ce mata tata ce ba ta cika ba. Ka ɗora mata laifi a kan makoki, kana tsammanin ta'aziyya ka yi mata.

A Dapchi ta jihar Yobe lissafin ma juyewa ya yi gaba ɗaya. An sace 'yan mata 110 ranar 19 ga Fabrairu 2018, aka dawo da kusan dukkansu ranar 21 ga Maris, ban da waɗanda suka rasu a hannun maharan. Leah Sharibu, mai shekara 14 a lokacin, ita aka riƙe, kuma 'yan uwanta da suka dawo sun ba da labari cewa ta ƙi barin addininta ne. Bangaskiyarta ce ta hana ta hawa motar komawa gida. Ina mai alkawarin ƙarshen wata zai ajiye wannan yarinya a cikin layukansa biyar?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, Littafi Mai Tsarki da ake yanko ayoyin daga cikinsa bai taɓa yin wannan ciniki da mai karatu ba. A sura ta 3 ta littafin Daniyel, samarin nan uku da Nebukadnezzar ya yi wa barazana da tanderun wuta sun gaya masa Allahnsu yana da ikon ceton su, sannan suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, gunkin dai ba za su yi wa sujada ba. Masu wa'azi sukan yi sauri su wuce wannan ƙarin don su kai ga inda wuta ta ƙi cin su, alhali a cikin ƙarin nan bangaskiyar take. Lokacin da suke magana ba su san yadda labarin zai ƙare ba. Mu ne muka sani, don mun karanta.

Sura ta 11 ta Ibraniyawa ita ce kowa ke kira surar jaruman bangaskiya, amma mutum nawa ke karanta ta har ƙarshe? Farkonta daɗi gare shi: Nuhu, Ibrahim, Saratu, Musa, rushewar ganuwar Yariko, waɗanda suka rufe bakin zakoki. Sai a tsakiyar aya ta 35 marubucin ya sauya hanya ba tare da ya ɗauki numfashi ba, ya shiga lissafa waɗanda aka azabtar, aka jefe, aka tsaga da zarto, waɗanda suka yi ta yawo cikin fatun awaki suna kwana a kogunan duwatsu. Su ma ya sa su a jeri ɗaya da na farko, ya ce an yaba musu saboda bangaskiyarsu, kuma sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba. Wanda ya san yadda mutanen Gwoza da Madagali da Michika suka kwana a kan duwatsun Mandara a 2014 ba ya bukatar a yi masa sharhin waɗannan ayoyi.

Haka Habakuk. Maganar nan ta rayuwa ta wurin bangaskiya, wadda Bulus ya ɗauko a wasiƙarsa ga Romawa da ta Galatiyawa, marubucin Ibraniyawa ma ya maimaita, daga wannan ɗan littafi mai sura uku ta fito. Littafin kuwa da ƙorafi ya fara. Annabi ne yake tuhumar Allah da yin shiru alhali ana zubar da jini, amsar da ya samu kuma ita ce Kaldiyawa na tafe, abin zai ƙara muni. A ƙarshe ya zana gonar da ba ta ba da komai ba da garken da ya watse, a cikin wannan fatarar ya yanke shawarar zai yi murna da Allahnsa. Zabura ta 88 ma ko wannan murnar babu, cikin duhu ta ƙare, aka kuma bar ta a littafin waƙoƙin sujada haka nan, ba wanda ya ƙara mata baiti don ta yi daɗin ji. Yesu kansa a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ba a ɗauke ba.

Ko kalmar da muke amfani da ita tana da abin koya mana, tunda mu masu sana'ar kalmomi ne. Tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dakta Walter Miller na Zariya ya jagoranta, Kiristan Hausa bangaskiya yake cewa. Ba da gaskiya ke nan, ka ba wani gaskiya, ka yarda shi ba maƙaryaci ba ne ko da ba ka ga hujja a hannu ba. Babu farashi a cikin kalmar, babu ranar biya.

A farkon Janairu 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya roƙi abokan aikinsa da gwamnan Adamawa su yi ƙoƙarin fito da shi. Ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya tsinci kansa a hannun Allah yake. Ya ce yana sa ran sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa, in kuma hakan bai yiwu ba, wataƙila nufin Allah ke nan, kada a yi kuka, a yi godiya. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Ku lura, yana son ya rayu, ya faɗi hakan a fili, bai yi kamar mutuwa ba komai ba ce. Ya kuma bar wa Allah ɗaya ƙofar a buɗe. Mintuna kaɗan ne, gaban kyamarar maƙiyansa, amma ya fi tarin saƙonnin safiya faɗin abin da dogara take nufi.

Za a ce mana mutane suna cikin ƙunci, bege suke bukata, me zai sa a ƙara musu baƙin ciki? Maganar tana da kama. Ba mu ce a daina rubuta shaidar alheri ba. Ranar da 'yan mata 82 suka rungumi iyayensu a Abuja rana ce da ta cancanci waƙa da rawa, kuma an yi. Sai dai begen da aka gina kan alkawarin da Allah bai yi ba, ranar da wata ya ƙare ba canji yakan faɗi, ya tafi da bangaskiyar mutum tare da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gwauruwar da ke sansanin Minawao a Kamaru tana gane marubucin da ya san ciwonta tun daga layin farko.

Akwai wani kuskuren na daban da yakan biyo wannan, na mai da dogara ta zama naɗe hannu, har a riƙa yi wa wanda ya gudu kallon mai raunin zuciya. Yusufu ya ɗauki jariri Yesu da uwarsa da dare ya tsere Masar. Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro a bakin ganuwa. Bulus a cikin kwando aka zurara shi daga ganuwar Dimashƙu. Da aka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi kusa da Mubi ranar 29 ga Oktoba 2014, shugabannin ikilisiyar sun fice, suka koma Jos suna gudanar da aiki daga can har ƙura ta lafa. Bahaushe dama ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda wannan wutar ba ta bar masallatansu ba, sun san bambancin tawakkali da sakaci sarai.

Inda dogarar EYN ta fi tsada shi ne batun ramuwa. Ikilisiya ce da ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami daga waɗanda suka kafa ta, tun sujadar farko da Stover Kulp da Albert Helser suka yi ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. Faɗa wa saurayin da aka yanka mahaifinsa a gabansa cewa ya bar wa Allah hukunci, sannan a zauna da shi cikin fushinsa shekara da shekaru, wannan labari ne da ke jiran marubuci mai haƙuri, wanda zai saurara kafin ya kawo aya.

Garkidan nan ita ma an kai mata hari a Fabrairu 2020, aka ƙone majami'u. Ran Lahadin da ta biyo baya masu sujada suka taru a cikin ƙonannen ginin suka yi ibadarsu. Da yawansu suna nan da ransu, suna kuma jin Hausa, garin yana kan hanyar Gombi zuwa Biu. Wanda zai je, ya tafi da littafin rubutu, ya tambayi matan wace waƙa aka fara ɗagawa ranar, wa ya ɗaga ta, su wa kuma suka kasa buɗe baki.