Saƙon Da Ya Ƙi Daina Sallama

Na san na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar lefe, to ku yi mini afuwa, wani abu ne ya same ni wanda na ga bai kamata in yi shiru a kansa ba. An ce in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Mu dai ba mu da gemu, amma muna da waya.

Kun san ina kan rubuta kashi na biyu na littafina. Da dare nake rubutu a waya, da safe in ari kwamfutar Yaya in yi gyara. Akwai manhajar da ke ɗaukar duk abin da na rubuta ta kai ma'ajiyata ta intanet, daga can kwamfuta ta ɗauko, ko'ina na buɗe abu ɗaya zan gani. Wannan aiki shi ake ce wa daidaitawa. To ana nan sai wani ɗan saƙo ya fara fitowa da jar alama, wai ba a iya daidaita wasu fayiloli ba. In share shi, gobe ya dawo, tamkar nacin saurayin da ba a so. Sati uku cur ban taɓa tsayawa na karanta shi har ƙarshe ba, da ma a lokacin Yaya ya yi tafiya da kwamfutarsa.

Ranar da ya dawo na buɗe littafin a kwamfuta, sai na ga ya tsaya a babi na 8. Daga na 9 zuwa na 14 babu su babu dalilinsu! Gabana ya yanke ya faɗi. Na figi waya zan goge manhajar in sake saukewa, don haka wata ƙawata ta ce ana yi. Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Ke ƙanwata, kina da hankali kuwa? Babukan nan a wayarki kaɗai suke, ba su taɓa hawa ba. Kika goge, ƙila ki tafi da su." Na ce, "To Yaya, yanzu ya zan yi?" Ya ce in fara kwafe su tukuna.

Wannan shi ne darasi na farko. Kafin ki taɓa komai, ki tura fayil ɗin zuwa filash ko wata wayar. Kada ki goge manhaja, kada ki fita daga asusunki, sai kin tabbata kwafinki yana hannu. Daga nan ki danna saƙon ki karanta, yawanci yana faɗin sunan fayil ɗin da ya maƙale da dalilin maƙalewarsa.

Nawa dalilin, wuri ne ya cika, na tula bidiyoyin bikin ƙawata na manta. Ku sani ma'ajiyar kyauta tana da iyaka. Google yana ba da GB 15, kuma Drive da Gmail da Google Photos ne ke rabon su. Tun 1 ga Yuni 2021 sabbin hotunan da aka ɗora suke shiga lissafi, a 2024 kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta koma cin wurin. OneDrive GB 5 yake bayarwa, Dropbox kuwa GB 2. Ke mai jiran saƙon makaranta ki lura, in wurin Google ya cika ko wasiƙa ba za ta shigo miki Gmail ba. Sannan abin da kika jefa kwandon shara na Drive yana nan yana cin wuri, sai kin zubar da kwandon ko ya cika kwana 30.

In ba cikar wuri ba ce, duba sunan fayil. Mu marubuta muna son suna irin su "Babi na 9: Ina Mafita?" Alhali kwamfuta mai Windows ba ta karɓar alamar tambaya, ko ɗigo biyu, ko tauraro a sunan fayil. Cire su, ki gajarta sunan, sai ki ga ya wuce.

Na uku, gyara a wuri biyu. In kin gyara fayil a waya babu data, kika kuma gyara shi a kwamfuta, manhaja ba ta san wanne ne na gaskiya ba, sai ta ajiye miki kwafi biyu. Kada ki yi saurin goge ɗaya. Buɗe su duka ki gwada, ki haɗe gyaran a guda.

Sauran ƙanana ne amma suna wahalarwa. Ko an saita manhajar sai da wayfai take ɗorawa ke kuma data kike amfani da ita, ko kin sauya kalmar sirri ba ki sake shiga ba, ko fayil ɗin yana buɗe a wata manhajar, ko kwanan watan na'urar ba daidai yake ba. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, kina gwadawa bayan kowanne.

Babban abin da na koya shi ne, daidaitawa ba ajiya ba ce, madubi ce. Abin da kika goge a nan, can ma ya goge. Don haka takardun sakamakon jarrabawarki, aikin makaranta da hotunan Hajiya, ki ware musu wani wurin dabam da manhajar ba ta taɓawa. Ni yanzu duk ranar Juma'a nake kwafe rubutuna a filash, in saka a ƙasan akwati tare da 'yan kunnayena.

Da na kwashe bidiyoyin na zubar da kwandon, ko minti goma ba a yi ba babukana shida suka bayyana a kwamfuta. Na yi ajiyar zuciya, Yaya yana ta yi mini dariya wai sai na biya shi da dambun nama.

Don Allah yau kafin ki kwanta, ki duba ko akwai saƙon da ya daɗe yana yi miki sallama kina share shi. Maganar lefe kuwa tana nan, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum.