Ra'ayinmu: Kuɗin Gidajen Gwamnati Su Kwana a Gida

Duk lokacin da gwamnati ta ba da sanarwar cewa za ta gina wa jama'a gidaje, abin da kowa yake tambaya shi ne guda nawa ne, a ina za a gina su, kuma wa zai samu. Tambayoyi ne masu kyau, amma akwai wadda ta kamata ta riga su, wadda ba a cika yin ta ba: kayan ginin daga ina za su fito? Mu a ganinmu, amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna ko shirin gidaje zai bar wa ƙasa masana'antu da ma'aikata bayan an miƙa makullai, ko kuwa zai bar mata bashi da 'yan kwangila masu sababbin motoci.

Gida ba abu ɗaya ba ne. Siminti ne da yashi da tsakuwa, da rodi da katako da kwanon rufi, da ƙusa da ƙofa da taga da gilashi, da tayil da fenti da wayar lantarki da bututun ruwa. Masana harkar gini sun yi ittifaƙi cewa waɗannan kaya su ne ke cin fiye da rabin kuɗin gina gida. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, cikin Abuja. Ko da ƙofa shida-shida aka ba kowane gida, ƙofa 18,672 ke nan a wuri ɗaya. Wanda yake sayen kaya da irin wannan yawa, shi ne yake zaɓen inda za a hura wutar maƙera, ko a Kaduna da Aba, ko a ƙasar Sin da Turkiyya.

Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana kuɗar sayayya ba tare da tunani ba. A tsakanin 1974 da 1975, lokacin da kuɗin mai suka yi ambaliya, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne ita kaɗai, alhali kuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan 1 na siminti a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan masu su tarar jinkiri kowace rana, simintin yana daskarewa a cikinsu, sauran kayan masarufi kuma suka rasa hanyar shigowa. Sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke kwangiloli, ta kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Belgore, aka kuma yi ta shari'a da ƙasar nan a kotunan Ingila da Amurka. A wannan lokaci muna da masana'antun siminti a Nkalagu tun 1957, da Ewekoro tun 1960, da Sakkwato tun 1967. Da an zuba ko da sulusin wannan dukiya wajen faɗaɗa su, da labarin ya sha bamban.

Haka kuma lokacin da Shugaba Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, ya zo da shirin gina gidaje 40,000 a kowace shekara, 2,000 a kowace jiha. Har yau akwai unguwannin da ake kira da sunansa a garuruwa da yawa, amma abin da aka kammala bai kai sulusin abin da aka yi niyya ba. A daidai wannan zamani aka kafa masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Oshogbo, kowace an shirya ta don ta fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Farashin mai ya faɗi, juyin mulkin Disamba na 1983 ya zo, ginin gidaje ya tsaya, masana'antun kuma suka yi ta fama da ƙarancin ɗanyen ƙarfe har aka sayar da su ga 'yan kasuwa bayan shekara ashirin. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, masana'anta ba ta rayuwa da bikin buɗewa. Tana bukatar abin sarrafawa a bayanta, da mai saye tabbatacce a gabanta.

Siminti ya nuna mana cewa idan gwamnati ta tsaya a kan magana ɗaya, abu yana yiwuwa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta sa doka cewa ba za a ba kowa lasisin shigo da siminti ba sai wanda ya nuna yana gina masana'anta a cikin gida. A lokacin abin da ake sarrafawa a ƙasar bai wuce kimanin tan miliyan 2 ba a shekara. Cikin shekara goma sha biyar ƙasar ta wadata kanta, har ana loda wa manyan motoci zuwa Nijar da Togo da Gana. To, amma wannan nasara ta zo da gargaɗi. A farkon 2024, kasuwar tana hannun kamfanoni uku, wato Dangote da BUA da Lafarge, buhu ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa, sai da ministoci suka zauna da kamfanonin aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Kare masana'antun gida ba tare da an buɗe ƙofa ga masu gasa ba, talaka ne yake biyan kuɗinsa.

Ba doka muka rasa ba. Dokar ba da kwangilolin gwamnati ta 2007 ta yarda a fifita kayan gida wajen auna farashin masu neman kwangila. A watan Mayu na 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a Umarni na 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da hukumomi ke kashewa a kan wasu kayayyaki, har da kayan gini, su tafi ga abin da aka yi a gida. A 2024 Ma'aikatar Gidaje ta bayyana niyyar kafa cibiyoyin sarrafa kayan gini a shiyyoyi shida na ƙasar, a watan Mayu na 2025 kuma Majalisar Zartaswa ta amince da manufar fifita kayan Nijeriya a duk sayayyar gwamnati. Takardu sun yi kyau. Sai dai mai ƙera taga ba ya iya kai takardar umarni banki a ba shi rance. Abin da banki ke so ya gani shi ne oda mai sa hannu, da ranar biya. Saboda haka muke ba mahukunta waɗannan shawarwari.

Na farko, a tsayar da awo ɗaya. Idan ƙofa da taga da bulo na gidajen gwamnati suka zama girmansu ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, maƙeri zai iya yin dubu a jere kafin ma a aza harsashi, farashi kuma ya sauko. Idan kowane mai zane ya zo da nasa awon, sai a koma ɗinkin tela, kowace riga da nata ma'auni.

Na biyu, a riƙa bayyana bukata tun da wuri. Ma'aikata ta buga yawan rodi da kwano da tayil da za ta saya a shekara uku ko biyar masu zuwa, jiha-jiha. Ba mai hankalin da zai sayo injin miliyoyin naira saboda kwangilar wata shida.

Na uku, a rarraba kwangila yadda ƙananan masu sana'a za su iya ɗauka. Ƙasar Kenya ta gwada wannan a aikin gidaje 1,370 na Park Road a birnin Nairobi. Babban ɗan kwangilar kamfanin ƙasar Sin ne, amma aka ware ƙofofi da tagogi aka ba ƙungiyoyin maƙera da kafintoci na bakin titi, waɗanda suke kira jua kali, wato masu aiki cikin zafin rana. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san masu waldarmu ba su gaza na Nairobi ba. Abin da suka rasa shi ne wanda zai haɗa su ƙungiya, ya ba su awo, ya karɓi aikinsu.

Na huɗu, a biya a kan lokaci. Babban kamfani yana iya jiran shekara biyu kafin fayil ɗinsa ya fito daga ofishin akawu, amma kafinta mai yara goma ba zai kai wata uku ba. Gwamnatin da ta karɓi kaya ta riƙe kuɗi, ita ce ta kashe masana'antar da ta ce tana rayawa.

Na biyar, kada sunan kayan gida ya zama mafakar ha'inci. Rodin da aka rage wa kauri da bulon da aka cika wa yashi kisa suke yi, ko a ina aka yi su. Rushewar makaranta a Jos a watan Yuli na 2024, inda aka rasa rayuka 22, ta isa tuna wa kowa cewa ba a wasa da ingancin gini. A sa hukumar SON da ɗakunan gwaji na jami'o'i su auna kowane kaso kafin a karɓa. A kuma sa ido a kan masu shigo da kaya su sake musu kwali su ce a nan aka yi. Maganin wannan shi ne a buga sunan masana'antar da ta kawo kowane kaya, da yawansa, da farashinsa, yadda ɗan jarida zai iya zuwa ya ga ko akwai inji a wurin.

Na shida, a dawo wa ƙasa da darajarta. Kakanninmu sun yi gini da tubali da azara, suka yi shafe da makuba da laso, kuma masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 shaida ne a kan iyawarsu. Yau ana matse jar ƙasa da inji, a ɗan zuba mata siminti, ta ba da bulo mai ƙarfi da sanyin ɗaki. Da irinsa Francis Kéré ya gina makarantar Gando a Burkina Faso a 2001, ya kuma ci babbar kyautar Pritzker a 2022. Da irinsa Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka gina masallacin Dandaji a Jamhuriyar Nijar a 2018. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injin wannan aiki. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne jama'a suna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne. Ranar da babban sakatare ya tare a gidan gwamnati na jar ƙasa, wannan gori ya ƙare.

Za a ce mana kayan gida sun fi tsada, domin mai masana'anta shi yake ba kansa wuta da ruwa, kuma bankuna suna tsawwala masa kuɗin ruwa, don haka fifita shi zai rage yawan gidajen da za a gina. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma shi ya sa muke cewa fifikon ya kasance da iyaka a farashi, da iyaka a shekaru, yana raguwa sannu a hankali har masana'anta ta tsaya da ƙafarta. Amma a tuna cewa arhar kayan waje aro ce. Dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta wuce naira 1,500. Duk ɗan kwangilar da ya yi lissafinsa a kan tayil da makullan waje ya ga yadda lissafin ya watse a hannunsa. Kuma nairar da aka biya maƙerin gida tana zagayawa, ta je ga mai shinkafa da mai hayar shago da malamin makaranta, wani abu kuma ya koma baitulmali a matsayin haraji.

Mu ɗalibai wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kowace shekara jami'o'i da kwalejojin kimiyya suna yaye injiniyoyi da masu zanen gini da masu ƙididdigar kayan gini, da yawansu kuma suna yawo da takardu babu wurin aiki, saboda masana'antun da za su ɗauke su suna wata ƙasa. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na waɗannan sassa da su je wuraren da ake gina gidajen gwamnati a jihohinsu, su duba tambarin da ke jikin kwano da tayil da waya, su rubuta abin da suka gani, su kawo mana mu buga. Muna kuma kira ga wakilanmu a majalisa da su nemi a kawo musu lissafin kashi 40 cikin 100 ɗin nan da aka yi alkawari tun 2017, kafin su amince da wani sabon kasafin gidaje.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon ji da aikatawa, amin.