Gwiwar Karen Farauta



Idan kaka ta wuce, aka kwashe amfanin gona, har gonakin Zango da na Yardaje suka zama fili fetal zuwa iyakar Nijar, to lokacin mafarauta ya kama. Kuma duk wanda ya taɓa ganin dawowarsu da la'asar sakaliya ya san ba a cika rasa kare guda a bayan ayari ba, yana tafe da ƙafa uku, ta huɗun a rataye. Ubangidansa yakan duba tafin ko ƙaya ce, in bai ga kome ba ya ce targaɗe ne, zai warware. Alhali sau da yawa illar tana can sama, a gwiwa.

Gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya, wadda jama'a ke ɗauka gwiwa ce, dunduniya ce, domin kare a kan yatsunsa yake tafiya. Gwiwar ta haƙiƙa tana kusa da ciki, inda ƙashin cinya ya hau kan ƙashin ƙwauri, da ƙoƙo a gaba, da guringuntsi biyu a tsakani kamar gammo, da kuma jijiyoyi biyu da suka gitta juna, waɗanda ta gabansu ita ke hana ƙwauri zamewa. To, cikin hikimar Ubangiji, gwiwar kare kullum a lanƙwashe take, saman ƙwaurinsa kuwa gangare ne, saboda haka babu takun da zai yi wanda bai ja wannan jijiya ba. Shi ya sa galibi ba ta tsinkewa farat ɗaya kamar ta ɗan ƙwallo, sai dai ta yi ta cinyewa kamar igiyar guga a bakin rijiya, har ranar da zomo zai yi kwana, kare ya murɗa jiki a guje, ta ƙarasa.

Karnukanmu shafaffu sun ɗan tsira, don ƙiba ita ce babbar abokiyar wannan lalura, kuma ta fi addabar irin su Labrador da Rottweiler da masu hali ke turkewa a gida suna ɗura musu abinci. Amma likitocin dabbobi sun tabbatar cewa kusan rabin karnukan da jijiyar ta tsinke musu, ɗayar ƙafar ma takan bi sahu.

Wannan ba karaya ba ce, balle maɗori ya ɗora. A shekarar 1993 wani likita a Amurka, Barclay Slocum, ya bayyana dabarar yanka ƙashin ƙwauri a daidaita gangaren, sai dai ina mafaraucin ƙauye ina kuɗin tiyata? Abin da ke hannunsa shi ne hutu, kuma kare marar nauyi yakan sami sauƙi in an tsare shi mako 6 zuwa 8 ba gudu. Ni a ganina wannan hakki ne, ba alfarma ba, domin dabbar da shari'a ta halatta mana abin da ta kamo, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, ba ta cancanci a kora ta daji tana ɗingishi ba.

Mafarauci ya lura da zaman karensa. In yana zama yana jefa ƙafa guda gefe, ko gwiwar ta kumbura ta wajen ciki, a bar shi gida, a nemi malamin dabbobi.