Suna Ɗaya, Gini Ɗaya

A watan Disamba na shekarar 1995, masu aikin Debian, watau wata ƙungiya ta 'yan sa kai da ke harhaɗa manhajar tafiyar da kwamfuta suna bayar da ita kyauta, suka wayi gari suka tarar wani kamfani a Amurka ya buga aikinsu a fayafayen CD, ya rubuta masa lamba 1.0, ya kai kasuwa. Alhali kuwa abin da ya buga ɗin ɗanye ne, ba a gama shi ba, an ɗauko shi ne bisa kuskure. Fayafayai sun riga sun shiga hannun jama'a, bakin alƙalami ya bushe. To, me mutanen nan suka yi? Sai suka haƙura da lambar ɗungum. Da aikinsu ya nuna a watan Yuni na 1996, suka sa masa 1.1. Har yau babu wani bugu na Debian da masu shi suka fitar da sunan 1.0, domin sun ƙi yarda a ce abubuwa biyu mabambanta suna amsa suna ɗaya.

Mun kawo wannan labari ne domin muna ganin hukuncin da suka yanke daidai ne, kuma darasin da ke cikinsa ya shafe mu, mu ɗalibai da 'yan'uwanmu waɗanda suka riga mu kama aikin gwamnati. Ra'ayinmu shi ne, wajibi ne kowane gini na manhaja ya sami sunan da ba ya tarayya da wani a cikinsa, sunan da in an bi shi zai kai mutum ga ainihin rubutun da aka yi ginin da shi. Wanda duk ya karɓi manhaja bai san cikakken sunanta ba, tamkar ya sauki baƙo ne ya miƙa masa makullin gida bai tambayi inda ya fito ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da gini. Manhaja tana farawa ne a matsayin rubutu, wanda mutum ya rubuta kuma mutum zai iya karantawa. Wannan shi muke kira tushe. Galibi na'ura ba ta aiki da shi haka nan, sai an sa wata manhaja ta juya shi zuwa ga abin da na'urar ke ganewa, abin da ya fito daga wannan juyi kuwa shi ne gini. Idan aka ce manhaja buɗaɗɗiya ce, ana nufin tushenta yana fili, kowa yana da izinin ya karanta, ya gyara, ya gina, ya rarraba. Babu shakka wannan alheri ne babba, amma fa a cikinsa wahalar take, gama tushe ɗaya ne, magina kuwa ba su ƙidayuwa. Wannan ya gina yau, wancan ya gina gobe bayan an canza layi uku, wani ya ƙara nasa gyaran, kuma dukkansu sunan da ke goshinsu ɗaya ne.

Masu wannan sana'a suna da sha'awar laƙabi kamar yadda muke da ita. Debian tana ɗauko sunayen bugunta daga wani fim na yara mai suna Toy Story. Na 1.1 ɗin nan Buzz aka kira shi, reshen da ake gwaje-gwaje a cikinsa kuwa kullum sunansa Sid, watau sunan yaron maƙwabta mai lalata kayan wasa a fim ɗin, don wanda zai ɗauka ya yi hattara. Ita kuma Ubuntu, wadda ta tsiro daga Debian, sunayen dabbobi take sawa, bugunta na farko ma sunan gadu ya ci. Ba mu ga aibin wannan ba. Laƙabi yana da daɗin faɗi, yana kuma sa ma'aikata su ji aikin nasu ne. Sai dai laƙabi ba ya gaya wa baƙo wane ne wa, wane ne ƙane. Kamfanin Google ya gane haka. Bayan ya shafe shekaru yana kiran bugun Android da sunayen kayan zaƙi, a 2019 ya daina tallata su da waɗannan sunaye, ya ce Android 10, saboda ba a ko'ina ake gane sunayen ba, kuma mai sabuwar waya ba ya iya sanin wanne ne ya fi sabunta.

Lamba ta fi laƙabi, domin tana nuna jeri. Ubuntu tana haɗa lambarta da shekara da wata: 4.10 shi ne Oktoban 2004, 24.04 kuma Afrilun 2024. Da bugun da aka shirya fitarwa a Afrilun 2006 ya makara har zuwa Yuni, sai lambar ta bi gaskiya, aka ce 6.06. Akwai kuma wata ƙa'ida da Tom Preston-Werner ya tsara, wadda ayyuka da yawa ke bi, mai lambobi uku a jere. Ta farko tana ƙaruwa idan an yi canjin da zai hana tsofaffin abokan aikin manhajar tafiya da ita, ta biyu idan an ƙara mata sabon amfani, ta uku idan kuskure kawai aka gyara. Muhimmin sharaɗinta shi ne, da zarar an fitar da bugu, ba a sake taɓa cikinsa, kowane gyara sai da sabuwar lamba. Amma ita ma lamba tana iya fankama. A 1999 Slackware ta yi tsalle daga 4 zuwa 7, don kawai kada a ga kamar tana bayan takwarorinta masu manyan lambobi.

Wani zai ce ai wannan duk ƙawa ce ta masana. To, mu tuna abin da ya faru ranar 7 ga Afrilu, 2014, lokacin da aka bayyana ɓarakar nan da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin saƙonni tsakanin mutum da shafukan intanet masu yawan gaske. Ta wannan kafa ɓarawo yana iya tsamo kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar na'ura yana can nesa. Bugun 1.0.1 har zuwa 1.0.1f duk suna da cutar, 1.0.1g kuwa lafiyarsa lau. Harafi guda ne ya raba su. Daɗin daɗawa, masu Debian ba su ɗauki sabon bugun ba, sai suka ɗinke ɓarakar a cikin 1.0.1e da suke da shi, suka ƙara wa lambarsa wutsiya, deb7u5. Watau a mako guda an sami gini biyu masu amsa 1.0.1e, ɗaya mai ciwo, ɗaya warkakke, kuma wutsiyar nan ce kaɗai ta bambanta su. Ma'aikacin da ya san rabin sunan kawai bai san ko ya kwana lafiya ko ya tashi tsaye ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Saboda haka ne muke cewa bayan laƙabi da lamba, akwai suna na uku da ya fi su ƙarfi, wanda muke kira hatimi. A 2005 Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya rubuta wata manhaja mai suna Git don adana tarihin tushe. A cikinta, duk gyaran da aka shigar yana samun hatimi mai haruffa da alƙaluma 40, wanda ake lissafo shi daga abin da ke cikin rubutun kansa. In aka canza ko da ɗigo ɗaya, hatimin zai fito daban. Kowane hatimi kuma yana ɗauke da na wanda ya gabace shi, har a dangana da na farko. Wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ji wannan baƙon abu ba, gama su ma ba su karɓar magana sai sun ji wane ya ji daga wane. Laƙabi da lamba mutum ne yake raɗa su, yana iya kuskure, yana iya ƙarya. Hatimi kuwa kowa yana iya sake lissafinsa da kansa ya gani.

Sai dai sarƙa ba ta da amfani in an bar zobe ɗaya ba a duba ba. Ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da cewa ya gano ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata manhaja ta matse fayil da ke cikin kusan kowace na'ura mai Linux. Abin da ya ja hankalinsa shi ne jinkirin kimanin rabin daƙiƙa wajen shiga wata na'ura da ke kan reshen Sid. Wanda ya dasa mugun abin ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi. Dabararsa ita ce, ƙunshin da ya fitar wa magina da sunan 5.6.0 da 5.6.1 yana ɗauke da wani rubutu wanda babu shi a cikin Git inda kowa ke dubawa, kuma wannan rubutu shi ne makunnin tarkon. Suna ɗaya, abu biyu, kamar dai a 1995, amma wannan karon da gangan. Allah ya taƙaita, aka gano abin tun bai shiga tabbatattun bugu na manyan rarrabe-rarraben Linux ba.

Akwai masu ƙoƙarin ƙarfafa zoben ƙarshe na sarƙar. Tun 2013 wasu daga cikin mutanen Debian suke aiki don a kai ga cewa duk wanda ya ɗauki tushe ɗaya, ya bi hanya ɗaya, zai sami gini iri ɗaya sak, babu bambancin ko da ɗigo. Abin yana da wuya, domin ko lokacin da aka yi gini ko sunan wurin da aka ajiye tushen yana iya shiga cikin ginin ya canza hatiminsa. Amma in ya samu, ɗalibi a ɗakin kwanansa yana iya sake ginin ya gwada da wanda aka ba shi, ba sai ya dogara da rantsuwar kowa ba. Gani ya kori ji.

Mun san za a ce babu mai iya haddace haruffa 40, kuma 'yan sa kai masu aiki da dare bayan sun tashi daga neman abinci ba su da lokacin wannan ƙaƙale. Maganar farko gaskiya ce, amma ba wanda ya ce a haddace. Mutum yana da sunan da ake kiransa a gida, da sunan yanka, da lambar da ke jikin takardarsa ta shaida, kowanne da muhallinsa. A bar laƙabi ga baki, lamba ga jeri, hatimi ga shaida. Magana ta biyu kuwa ba ta tsaya ba, domin na'ura ce ke yin wannan aiki. In an tsara sau ɗaya, kowane gini zai fito da lambarsa da hatimin tushensa a jikinsa. Lokacin da ake tsoron ɓatawa bai kai wanda ake ɓatawa ba idan mutum biyu suka kwana suna gardama a kan wani kuskure, daga baya su gane ashe ba gini ɗaya suke dubawa ba.

Yanzu sai mu juyo ga kanmu. Wane ne a cikinmu bai taɓa ajiye aikinsa da suna "na ƙarshe" ba, sa'an nan "na ƙarshe na biyu", sa'an nan "na ƙarshe na gaske", har ranar miƙawa ya rasa wanda zai kai wa malami? Wane ne bai taɓa karɓar manhaja a filas daga hannun aboki ba, wanda shi ma daga wani ya karɓa, saboda tsadar data? Ba mu zargi kowa ba, mu ma a ciki muke. Amma ɗabi'ar da aka koya a ɗakin karatu ita ake kaiwa ofis. Ya kamata kowane ɗalibi da ke rubuta manhaja ya koyi Git tun shekararsa ta farko, ya sa aikinsa ya iya faɗin cikakken sunansa in an tambaye shi, kada kuma ya taɓa sa wa abubuwa biyu lamba ɗaya. In ya sauko da manhaja, ya gwada hatiminta da wanda masu ita suka wallafa. In zai kai rahoton kuskure ga masu wani aiki, ya fara da cikakken sunan ginin har da wutsiyarsa.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, kun fi mu sanin cewa takardar da ba ta da lamba ba ta shiga fayil, kuma akawu ba ya ba wasiƙu biyu lamba ɗaya. To, don me za a sassauta wa manhajar da ke riƙe da albashin ma'aikata, da sunayen marasa lafiya, da sakamakon jarrabawa? Ya dace kowace ma'aikata ta buɗe rajista, a rubuta kowace manhaja da ke aiki a cikinta, da cikakkiyar lambarta, da inda aka samo ta, da ranar da aka ɗora ta. Ɗan kwangilar da ya kawo aiki kuma kada a sa masa hannu sai ya bayyana wane gini ya kawo, da waɗanne buɗaɗɗun manhajoji ya haɗa shi. Ranar da wata sanarwa irin ta 2014 za ta sake fitowa, tambayar da Babban Sakatare zai yi guda ce: namu yana ciki ko ba ya ciki? Ofishin da ke da rajista zai amsa kafin azahar, wanda ba shi da ita kuwa sai dai ya yi ta kame-kame, dukiyar jama'a da sirrinsu suna a bakin ƙofa.

Mutanen Debian sun yi asarar lambar da kowane mai aiki yake ɗokin kaiwa gare ta, don kada su rikita wanda ya amince da su. Abin da muke nema daga kanmu bai kai wannan tsada ba, ɗan layi ne a rajista da 'yan daƙiƙu na gwada hatimi. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da za a ɗora mana.